Kushewun Durɓi ta Kusheyi da Matsalar Rubuce Abin da Aka Tono

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tonon kushewa aiki ne da ba a maimaita shi, domin wanda ya tona ya riga ya rushe shaidar da yake nema. Saboda haka abin da bai rubuta ba a ranar tonon ya salwanta ke nan.

A shekarar 1907 H. R. Palmer, jami'in mulkin Turawa a Katsina, tare da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, suka sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda tarihin baka ya ce an binne sarakunan Durɓawa. An sami tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan sun ɓace, bayanin da aka bari kuwa ɗan kaɗan ne. Abin lura shi ne, a wannan shekarar ce Norman de Garis Davies da matarsa Nina suka zauna a yammacin Luksor ta ƙasar Masar, suka shiga kwafar zane-zanen da ke bangon kaburburan manyan ma'aikatan Fir'auna, watau wazirai da magatakarda. Sun shafe fiye da shekara 30 suna wannan aiki, har ya zamana wasu zane-zanen da suka lalace daga baya sai a takardunsu ake ganinsu.

Tono na biyu, na 1992, wanda masana daga Jami'ar Bayreuth ta Jamus suka yi da haɗin gwiwar hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ya bi wata hanya dabam. An buɗe tuddai 3, kowanne da gawa ɗaya a tsakiyarsa. Maimakon a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya, sai aka ɗauko su dunƙule da ƙasar da ke riƙe da su, aka ajiye a gidan tarihi na Katsina. A 2007 aka kai su birnin Mainz, inda aka warware su sannu a hankali cikin ɗakin bincike, sa'an nan aka dawo da su a 2014. Ta haka ne aka tsirar da abubuwa masu saurin ruɓewa, kamar ƙyalle da fata da itace, ban da wuri, da duwatsun ado, da zinariya, da wata tasa ta ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya wadda aka danganta da ƙarni na 15 zuwa na 16. Wannan tasa ita kaɗai ta isa shaida a kan cinikin Sahara.

A ganina shekara 15 da kayan suka yi suna jira kafin a gyara su ta yi yawa, kuma dalilin ke nan da ya sa nake roƙon malaman tarihi na kwalejojinmu su koya wa ɗalibai awo da zane da ɗaukar hoto. Ɗalibin da ya fito daga Madadi ko wani ƙauye na ƙasar Gwarzo da Kabo zai iya auna kufai da tsofaffin makabartun garinsu, ya rubuta abin da dattawa suka sani game da su, ba tare da ya taɓa kabari ko ɗaya ba, tun kafin garma da zaizayar ƙasa su shafe su.