Shin Ana Gadon Hali Ta DNA?

Gwajin DNA na yawan fitowa a labarai, musamman wajen tantance uban yaro. To mece ce DNA, kuma tana da hannu a halin mutum?

DNA sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin jiki, ɗauke da umarnin gina jiki da tafiyar da shi. Mutum na gadon rabinta daga uwa, rabi daga uba. Wasu sassanta, waɗanda ake kira ƙwayoyin gado, su ne ke tsara ginin ƙwaƙwalwa da sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyinta, kamar dofamin, mai alaƙa da kwaɗayin abu da ƙoƙarin samunsa.

A dabbobi hujjar gadon hali ta fito fili. A 1959 masanin kimiyyar Rasha, Dmitri Belyaev, ya fara kiwon yanyawa a Saiberiya, yana haɗa waɗanda ba sa tsoron mutum kaɗai su hayayyafa. Bayan 'yan zuriyoyi, sai ga 'ya'yansu na kaɗa wa mutane wutsiya kamar karnuka.

Lamarin ɗan Adam ya fi sarƙaƙiya. Binciken da Jami'ar Minnesota ta Amurka ta fara a 1979 kan tagwayen da suka tashi a gidaje daban ya gano kamanceceniya mai yawa a halayensu, amma ba cikakkiya ba. Muhalli, abinci da abin da mutum ya fuskanta na da nasu kaso.

Iyaye su lura: sikila daga ƙwayar gado guda take, shi ya sa gwajin jini kafin aure ke gano masu ɗauke da ita. Hali kuwa ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke taɓa shi, don haka babu gwajin da zai faɗa maka ɗanka zai zama mai haƙuri ko mafaɗaci.