Kalmar "Pound" ta Ingilishi: Asalinta, Ma'anoninta da Yadda ta Shigo Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin fassara yakan ɗauka cewa kalma ɗaya a rubuce tushe ɗaya gare ta, kuma duk ma'anoninta 'yan uwan juna ne. A wannan maƙala za a ɗauki kalmar Ingilishi "pound" a nuna cewa ba kullum abin yake haka ba. Za a ga cewa kalmomi uku ne masu asali daban-daban suka haɗu a rubutu ɗaya, sa'an nan a dubi yadda Hausa ta ari ɗaya daga cikinsu ta hanyoyi biyu.

2.0 Awo da Kuɗi

Ma'anar farko ita ce ta nauyi, kuma daga Latin ta fito. Romawa suna da ma'auni mai suna "libra", wanda suka kasa kashi 12. Sukan ce "libra pondo", watau libra a bisa awon nauyi. Kakannin Ingilishi sai suka ɗauki kalma ta biyu, "pondo", suka mai da ita sunan ma'aunin, amma a rubutu suka riƙe ta farko. Shi ya sa ake taƙaita ma'aunin da "lb", ga shi kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa a cikin "pound". Ma'aunin da aka saba da shi a kasuwa oza 16 ne, kuma a 1959 aka daidaita shi a kan giram 453.6 ko kusa da haka.

Daga awon ne ma'anar kuɗi ta tsiro. A zamanin da, a Ingila, nauyin "pound" ɗaya na azurfa shi ake ƙerawa ya zama tsaba 240. A hankali sunan nauyin ya zama sunan kuɗin. Alamar £ ma ba kome ba ce illa harafin L na "libra" da aka ƙawata, kuma daga tushen ne sunan "lira", tsohon kuɗin Italiya, ya fito. Lissafin sule 20 a fam ɗaya, kwabo 12 a sule ɗaya, ya daɗe har zuwa ran 15 ga Fabrairu, 1971, lokacin da Birtaniya ta kasa fam kashi 100. Ashe ke nan nauyi da kuɗi kalma ɗaya ce da ma'anarta ta yi rassa.

3.0 Daka da Shinge

Akwai kuma "pound" aikatau, mai ma'anar daka, ko kirɓa, ko duka da ƙarfi. Ita ce ake ji idan ana maganar sakwara da Turanci, haka nan idan ana bayanin bugun zuciyar wanda ya tsorata. Wannan ba ta haɗa kome da Latin ba. Asalinta "punian" ne a tsohon Ingilishi, kuma harafin "d" na ƙarshe daga baya aka liƙa mata shi.

Ta uku suna ce, watau shingen da hukuma takan tsare dabbobin da suka ɓace ko suka yi ɓarna a gona, har mai su ya zo ya biya tara. Daga gare ta aka sami "impound", tsare mota ko kaya a hannun hukuma, kuma 'yar uwarta ce "pond", ruwan da aka tare ya zama kududdufi. Ita ma tushenta dabam ne. Sauyin furuci da na rubutu ne kurum suka gama kalmomin uku a siffa ɗaya.

4.0 Shigowarta Hausa

Hausa ba ta ari ta biyu da ta uku ba, domin tana da nata kalmomin. Ta farko ta ara, kuma abin sha'awa, sai ta raba abin da Ingilishi ya haɗa. Kuɗin ta kira shi fam. Wannan aro ne na kunne: /p/ ta koma /f/ kamar yadda ta yi a fensir da famfo, aka kuma sauƙaƙa baƙaƙen ƙarshe, tun da Hausa ba ta jera baƙi biyu a ƙarshen gaɓa. Kalmar ta zauna har ta sami jam'i, famfamai.

Nauyin kuwa ta kira shi laba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa wannan aro ne na ido: an ga "lb" a rubuce jikin sikeli da takardun kanti, aka sa wa haruffan wasula. Abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne kalmar oza, wadda ta yi daidai da "oz", taƙaitaccen rubutun "ounce". In haka ne, Bahaushe ya komo da "libra" ta Romawa bakin mutane bayan Ingilishi ya bar ta a takarda.

Ran 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam ta koma naira, a kan naira 2 fam ɗaya. Amma kalmar ba ta mutu nan take ba. Shekaru da yawa 'yan kasuwa suna cewa fam suna nufin naira 2, jaka kuwa, wadda da fam 100 ce, ta zama naira 200. Daɗin daɗawa, Hausa ta sake yin wani fam ɗin daga "form", takardar da ake cikewa. Watau irin haɗuwar da ta auku a Ingilishi ta auku a nan ma.

5.0 Kammalawa

Mai fassara da ya gamu da "pound" dole ya tsaya ya tantance: fam ce, ko laba, ko daka, ko shingen tsare dabbobi? Wanda ya mai da labar nama fam na nama ya ɓata ciniki. Mai shirya ƙamus kuwa ya kamata ya sa nauyi da kuɗi ƙarƙashin kalma ɗaya, ya ware wa sauran biyun gurabensu, domin tarihin kalma ne ke raba wannan gardama, ba kamannin rubutu ba.