'Yarmu Ta Tafi Koyon Aikin Ungozoma: Wa Zai Riƙe Mata Hannu?



Duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare ya san darajar ungozoma mai jin harshensa. Mace tana cikin ciwo, kunya ta hana ta faɗin abin da ke damunta da Hausa ma, balle da Turanci. In aka dace da 'yar gida a bakin aiki, sai ta sunkuyo ta ce, "Sannu Yaya, tun yaushe jinin ya fara?" Amsar wannan tambaya takan zama sanadin tsira. Tun 2008 aka mayar da awon ciki da haihuwa kyauta a Gana ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, matanmu na Nima da Mamobi da Aboabo kuma suna zuwa. Saura mu samu 'ya'yanmu da za su tarbe su a can.

Ga yadda karatun yake. Yarinyar da ta ci jarrabawar WASSCE tana iya shiga kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, ta yi shekara 3 ta samu difloma, ko ta shiga jami'a kamar KNUST a Kumasi ta yi shekara 4 ta samu digiri. Bayan haka sai ta rubuta jarrabawar hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa kafin a ba ta lasisi, sannan ta yi shekara guda tana zagaya sassan asibiti ƙarƙashin manya.

A aji ake koya mata yadda jikin mace yake. Tana fara gwada hannunta a kan mutum-mutumin roba tun ba ta taɓa mai rai ba. Amma sana'ar kanta a ɗakin haihuwa ake ɗaukarta, a gefen babbar ungozomar da aka haɗa ta da ita. Wannan uwar ɗakin ita ke nuna mata yadda ake sauraron bugun zuciyar ɗan da ke ciki, yadda ake gane hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba, da lokacin da za a daina jira a kira likita. Ta yi ɗaliba ta gani, su yi tare, sannan ɗaliba ta yi ita tana tsaye, ta sa mata hannu a littafi. In uwar ɗaki mai tsawa ce, yarinya takan koyi ɓoye kuskure, ɓoyayyen kuskure a wannan ɗaki kuwa rai yake ci.

Malama ta gari ba ta ce wa ɗaliba ta bar al'adarta a bakin ƙofa. Koya mata take yi ta tankaɗe ta. Akwai abin da ba ya cutar da kowa, sai a ba shi wuri: a rufe wa mace jikinta lokacin awo, a bar uba ya yi kiran salla a kunnen jariri, a miƙa wa dangi mabiyya su binne. Akwai kuma abin da ke da haɗari: zubar da dakashi, alhali shi ne rigakafin farko na jariri, ba shi ruwa ko jiƙo kafin wata 6, shafa toka a cibiya, zama a gida naƙuda ta wuni ta kwana. Kunun kanwa mai yawa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi ma suna wahalar da zuciyar mai jego, kamar yadda likitoci a Zariya suka lura tun shekarun 1970. Baƙuwa in ta faɗi wannan, kaka za ta ce raini ne. Jikarta in ta durƙusa ta faɗa da ladabi, ana sauraro. 'Yan ajinta da ba su san zango ba su ma a bakinta za su ji.

Ɗalibarmu tana da nata nauyin. Akwai kwanan makaranta, aikin dare, da tsayuwa mai tsawo cikin azumi. Akwai batun hijabi: kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, shi kuma asibiti yana da ƙa'idar tsafta, kamar naɗe hannun riga don wanke hannu da sa hular aiki a ɗakin tiyata. Biyun ba sa karo in an zauna an yi magana tun farkon shekara. Abin da ke karya yarinya shi ne ta rasa wanda za ta kai wa kuka, a makaranta ko a gida.

Nan ne namu aikin yake. In ta dawo daga aikin dare, a bar ta ta yi barci, kada a tashe ta ga wanke-wanke. A toshe bakin masu cewa 'yar wane tana kwana a waje. Kwanan ceton rai take. In maganar aure ta taso, a sa sharaɗin ƙarasa karatu a gaban shaidu. Kada a tambaye ta wa ta gani a asibiti, domin sirrin mai ciki amana ce a wuyanta. Tsofaffin ungozomomin unguwa su ja ta a jiki, su ba ta abin da suka sani na lallashi da haƙuri, su kuma karɓi gyaranta. Wadda ta riga ta samu lasisi ta ɗauki ƙanwa ɗaya, ta riƙa kiranta tana jin yadda take ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka. Amin.