Rufin Ɗaki a Maisandari: Faci Ko Sabo?

A Maiduguri iska ce ke fara gwada rufin gida kafin ruwa. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni hadari kan haɗu ta gabas, ya turo jar ƙura a gabansa, tun ɗigo bai sauka ba an fara jin kwano yana kaɗawa. Washegari duk wanda ya zaga lungunan Maisandari zai tarar da fallen kwano a naɗe a tsakar gidan maƙwabta, reshen darbejiya kwance a kan katanga, magidanci da kafinta tsaye sun ɗaga kai sama. Shawarar da suke yi ɗaya ce: a yi faci, ko a yaye a sake?

Maisandari ɗaya ce daga cikin mazaɓu 15 na ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, kuma ta tara kowane irin gini. Ga gidan bulo mai dogon kwanon alminiyam, ga gidan haya ɗaki-ɗaki, ga ginin ƙasa da aka ɗora wa langa-langa aka danne da duwatsu da tsoffin tayoyi. Yawancin ƙananan ɗakunan nan cikin gaggawa aka yi su. Da garuruwa irin su Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram a 2014, jama'a sun kwararo Maiduguri, kowane fili ya zama wurin kafa ɗaki. Da gwamnatin Babagana Umara Zulum ta rufe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke hanyar Damboa a ƙarshen 2021, ba kowa ne ya koma garinsu ba, wasu cikin unguwanni suka nemi haya. Rufin da aka kafa da niyyar zaman wucin gadi yau ya haura shekara goma, kuma har yanzu shi ke kan mutane.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma inda ruwan ke ɗiga ya sani, ba inda yake shiga ba. Ruwa kan shiga ta bakin ƙusa can sama, ya bi katako ya gangara, ya ɓullo ta silin a wata kusurwa daban. Shi ya sa kafintan kirki ba ya yanke hukunci daga tsakar gida. Zai ɗaga silin ya leƙa da tocila, ya ƙwanƙwasa katako da guduma, ya soka masa ƙusa. In katakon ya amsa da ƙarfi, to rufin na da sauran kwana. In kuwa ƙusa ta nutse ba gardama, gari ya zubo, gara ta riga ta gama aikinta, duk kwanon da aka ɗora a kai na iska ne.

A ganina amsar tambayar tana jikin katako, ba a jikin kwano ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin kwano ido ke gani. Zafin Afrilu a Maiduguri yakan haura digiri 40. Da rana kwano ya miƙe, da dare ya tsuke, a hankali ƙusa ta saki, ramin ya faɗaɗa, tsatsa ta kewaye shi. Wannan ciwo ne mai sauƙin magani muddin katako na da lafiya: a zare tsoffin ƙusoshi a buga masu roba, a liƙe ƙananan huji da kwalta, a sauya falle biyu ko uku da suka mutu. Babu dalilin yaye rufi gaba ɗaya saboda wannan, kuma kafintan da ya ce a yaye ba tare da ya leƙa ciki ba, aiki yake nema. Amma in tsakiyar rufin ya lotsa, ko bara an liƙe nan bana ya ɓulle can, ko kwano ya fara ɓarewa in an taɓa, faci ya zama zubar da kuɗi. Mutum ya biya kafinta bana, ya biya baɗi, ya sauya silin, ya shanya katifa har ta ruɓe, in aka tattara abin da ya kashe ya kusa rabin sabon rufi, ga shi kuma tsohon ne a kansa.

Ba rashin sanin haka ne ke sa talaka faci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin kayan gini ya tashi. Katako daga kudu yake zuwa, kuɗin mota na kansa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, kuma ko ɗaki da falo ba ya ƙarewa a bandir ɗaya. Sai mutum ya koma ga mafi araha, kwanon da ba shi da kauri ko kaɗan, ko ya sayi tsoho wanda aka ciro daga wani gida da hujinsa. Araha ba ta ado. Irin wannan kwano damina kaɗan yake gani.

Masu biyan kuɗin jinkirin kuma mata ne. Su ke tashi tsakar dare su tara bokiti da roba, su janye yara daga inda ke jiƙewa, su ɗage buhun gero, da safe su share ruwa. A gidan haya abin ya fi muni. Mai gida ya ce bari damina ta wuce, damina ta wuce ya ce ai yanzu ba ruwa. Ɗan haya kuma yana tsoron ya kashe kuɗinsa, shekara ta zagayo a ƙara masa haya a kan gyaran da shi ya yi. Mafita sananniya ce, a gyara a cire a kuɗin haya, amma a yi maganar gaban shaidu, in da hali gaban Bulama, wato mai unguwa, a rubuta. Mai gidan da ke karɓar haya cikakkiya a ɗakin da ke yoyo yana cin haƙƙin mutane, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024, wadda birnin bai ga irinta ba tun 1994, ta ƙara wani darasi. Har sai da aka sake buɗe Bakassi domin waɗanda ruwa ya kora. Duk gidan da ruwa ya kwana a gindinsa, bangonsa abin dubawa ne kafin a yi zancen sama. Bangon da ya tsage ko ya jiƙa har ciki ba zai riƙe sabon rufi ba.

Wanda ya yanke shawarar sakewa, kada ya yi rowa a wurin da ba a gani. A shafe katako da maganin gara ko baƙin mai, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bulo, a ɗora rawani ta gefen da iska ke bugowa. Tsohon kwanon ma ba yasarwa ake ba, yana kewaye banɗaki ko rumfar awaki. Wanda ba shi da ƙarfin yin duka, ya yaye ɗakin kwanan yara bana, sauran su jira.

Magidantan Maisandari, lokacin wannan shawara Janairu ne zuwa Maris, lokacin da katako yake bushe, kafinta ba ya cikin rububi. Ku sa a leƙa silin tun da wuri, ku ware kwasar adashi ɗaya domin rufi, kada ku bari sai hadari ya haɗu.