Maganin Zhuang: Rubutu Kaɗai Ba Zai Kai Shi Duniya Ba

Al'ummar Zhuang, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 19, galibinsu a yankin Guangxi na kudancin ƙasar Sin, sun daɗe suna gadon ilimin magani daga bakin malami da hannunsa. Sai a shekarun 1980 masana irin su Huang Hanru suka duƙufa wajen tattara shi a rubuce, kuma da Sinanci. Ke nan duk abin da ya isa ga mai karatu na ƙetare ya riga ya sauya harshe sau biyu. Shi ya sa nake ganin dole hoto ya shiga cikin aikin fassarar tun daga tushe.

A duba lalas da zaren magani, wanda ya shiga jerin al'adun gado na ƙasar Sin a 2011. Ana jiƙa siririn zare a ruwan magani. Mai magani ya riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya bar santimita ɗaya zuwa biyu a waje, ya kunna bakinsa a fitila, ya kashe harshen wutar, sai ɗan ƙwayar garwashi ya rage. Da shi ake dangwalar fata, dangwala ɗaya wutar ta mutu. Harshen wuta ƙuna yake yi, garwashin da ya huce kuma ba ya aiki. Wace jimla ce za ta nuna wannan tsakani kamar hoto? Haka ma bayanin da masu maganin Zhuang ke yi na jiki: hanyar abinci, ta ruwa, ta iska, da wasu biyu da suke dangantawa da jini da jijiyoyi. Ba zane, baƙo zai ɗauka sunayen gaɓoɓi ne irin na littafin likita.

Masu ja suna cewa hoto na sa abu ya zama kamar mai sauƙi, har wani ya gwada a gida, kuma zane mai kyau na ba magani kwarjinin da gwaji bai ba shi ba. Gaskiya suka faɗa. Amma gyaran yana cikin rubutun da ke ƙarƙashin hoton: ya fayyace cewa aikin na wanda ya koya ne, ya raba abin da al'ada ta ce da abin da bincike ya tabbatar. Asibitin maganin Zhuang na ƙasa da ƙasa da aka buɗe a Nanning a 2018 na da masu aikin da za a ɗauka a hoto. Wajibi ne mai fassara ya zauna da su kafin ya ɗora alƙalami.