Idon Koci: Yadda Ɗan Sakandare Ke Samun Jami'a da Wasan Besbol a Amurka

 Yau Amurka muka nufa, filin wasan besbol, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo, ɗaya kuma ya tare ta da sanda. A can, yara kusan rabin miliyan ne ke buga shi a makarantun sakandare, amma kusan biyu kacal cikin ɗari ke samun shiga rukuni na ɗaya na gasar jami'o'i da hukumar NCAA ke kula da ita. To yaya ake yi koci ya san da zaman yaro?

Bari mu soma da Stephen Strasburg. Ya gama sakandare a kusa da birnin San Diego na jihar Kalifoniya a 2006, kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin ƙwararru suka yi a wannan shekarar babu ƙungiyar da ta ambaci sunansa, ko ɗaya. Yana da jiki, yana da saurin fushi idan wasa ya juya masa baya. Amma mataimakin koci a Jami'ar San Diego State, Rusty Filter, ya ga wani abu a hannun yaron, ya yi ta nacin sai an ɗauke shi, har babban koci Tony Gwynn ya amince. Makonnin farko na atisaye sun ba shi wuya ƙwarai, har mai horar da motsa jiki ya ba shi shawarar ya haƙura. Bai haƙura ba. Ya zubar da sama da kilo 10, jifarsa ta kai mil 100 a awa ɗaya, wato kusan kilomita 160. A 2009, masu sauraro, yaron da ba ƙungiyar da ta zaɓe shi shekara uku baya, shi aka fara zaɓa a duk faɗin Amurka. A 2019 shi ne gwarzon gasar World Series, wato zagayen ƙarshe na babbar gasar ƙwararru. Mutum ɗaya ne ya tsaya ya dube shi da kyau. Mutum ɗaya.

Sai dai yau idon koci ya rage leƙa filin makaranta. Lokacin wasan sakandare, shi ma kocin jami'a yana fama da tasa gasar. Saboda haka sai lokacin zafi, da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke kwasar yara daga jiha zuwa jiha, da kuma tarukan baje kolin basira. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Perfect Game, wanda Jerry Ford ya kafa a jihar Ayowa a 1995. Duk watan Oktoba yakan shirya gagarumar gasa a garin Jupiter na jihar Florida, inda kociyoyi ke cika filaye da na'urar auna gudun ƙwallo a hannu.

A wurin, lamba ce ke magana. Za a auna gudun yaro a tseren yadi 60, ana son ya gama ƙasa da daƙiƙa 7. Mai jifa kuwa, idan ya taɓa mil 90, nan take kawuna ke juyowa. A zuba lambobin a intanet, a jera yara daga na ɗaya zuwa ƙasa. Shi kuma yaro ya haɗa ɗan gajeren bidiyo, ya tura wa koci saƙo tare da sakamakon karatunsa, domin ba maki ba shiga, komai iyawarsa.

Abin da ke damuna a nan shi ne kuɗi. Kowane taro sai an biya, ga mota ko jirgi, ga masauki, ga kayan wasa. Iyali kan kashe dubban daloli a shekara don kawai a ga ɗansu. Ƙwararren ɗan wasan besbol Andrew McCutchen, wanda ya tashi a ƙaramin garin Fort Meade na Florida cikin gida mai ƙaramin ƙarfi, ya yi rubutu a 2015 yana bayyana cewa shi kansa da taimakon wasu ya samu zuwa irin waɗannan gasa, kuma ɗan talaka na can a baya ba a ganinsa. Ina ganin gaskiya ya faɗa. Ku duba ma alƙaluma: baƙaƙen fatar Amurka a babbar gasar ƙwararru sun kai kusan kashi 18 cikin ɗari a 1991. Yanzu suna wajen kashi 6.

Kuma bayan duk wannan ɗawainiya, tallafin karatun ba wani mai kauri ba ne. Shekara da shekaru, doka ta ƙayyade wa kowace jami'ar rukuni na ɗaya tallafi 11.7, a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar naman watanda tsakanin 'yan wasa wajen talatin. Sai a 2025 aka sassauta wannan ƙa'ida. Rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa sam.

Lokaci na neman ƙure mana, bari mu taƙaita. A da, har yaro ɗan shekara 14 ake sa wa ya yi alkawarin jami'a. Tun 2023 an hana kocin rukuni na ɗaya tuntuɓarsa sai 1 ga Agusta kafin shekararsa ta biyun ƙarshe a sakandare. Wanda bai samu kira ba, akwai kwalejojin shekara biyu. Ta nan ƙwararren ɗan wasa Albert Pujols ya bi, daga kwalejin Maple Woods a jihar Misuri, aka zaɓe shi na 402 a 1999, ya yi ritaya a 2022 bayan ya buga ƙwallon da ta tsallake fili sau 703.

Masu sauraro, idan kuna da ɗa ko ƙane a Amurka da ke wannan wasa, ku tambayi sakamakon karatunsa kafin ku tambayi gudun jifarsa, kuma kada ku raina ƙaramar kwaleji.