Tsohon Kwabo Mai Huji Da Takardar Kwastan

Kwabo da anini masu huji, waɗanda aka fara bugawa a 1907, sun daɗe da barin kasuwa, amma har yau masu tara tsofaffin kuɗi a Ingila da Amurka suna nemansu. Wahalar tana wajen aikawa.

Ƙa'idar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta hana sanya tsabar kuɗi cikin wasiƙa ta yau da kullum, sai ƙunshi mai rajista ko inshora, in ƙasar da za a kai ta yarda. Kowane ƙunshi kuma ana liƙa masa takardar kwastan, CN22 ga mai araha, CN23 ga mai tsada, a bayyana abin da ke ciki da ainihin darajarsa.

A nan ne wasu ke cutar kansu: su rubuta "kyauta", ko su rage daraja, don gudun haraji. In an gano, ana iya ƙwacewa. In ya ɓace, diyya ba ta wuce abin da aka rubuta.

Kayan tarihi kuwa, dokar 1979 ta hana fitar da su sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Lalle a wannan harka, gaskiya ta fi kwabo.